Mai Ƙiyasin Kuɗin Gini Da Cefanen Gidansa

Ga jawabin da wani tsohon ma'aikacin ƙiyasi ya yi a Gwadangaji gaban taron magina da kafintoci da samarin ma'aikata. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, domin masu karatu su ma su auna.



Na gode ƙwarai da kuka ba ni wannan dama in tsaya gabanku. Ni ba gwanin magana ba ne, aikina tun ina saurayi awo ne da lissafi, saboda haka ku yi haƙuri in kun ji alƙaluma sun yi yawa a bakina.

Kowa a nan ya san tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato ran 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi ta zama hedkwata, sakatariyar Gwamnati kuwa tana nan Gwadangaji. Kowace safiya ku kan ga ma'aikata suna kwararowa, waɗansu bisa babur, waɗansu a keke mai ƙafa uku, waɗansu a ƙasa. A cikinsu akwai wata 'yar ƙungiya wadda jama'a ba su san ta ba sosai, watau masu ƙiyasin kuɗin gini. A kansu zan yi magana yau, da albashinsu da tsadar zaman da su ke ciki. Kada manomi ko birkila ya ce wannan ba maganarsa ba ce. Kafin in zauna zan nuna muku cewa aljihunku ne a ke magana a kai.

Wane Ne Mai Ƙiyasi?

In Gwamnati ta yi niyyar gina makaranta ko asibiti ko kwalbati, mai zane shi ke zana siffar ginin, injiniya kuma shi ke faɗin ƙarfin da ya kamata ya yi. Sa'an nan a miƙa wa mai ƙiyasi takardun. Shi zai zauna ya auna kome daga harsashi har rufi: bulo nawa, buhun siminti nawa, rodi tan nawa, tifar yashi da ta tsakuwa nawa, kwano bandir nawa, katako da ƙusa da fenti, da ladan birkila da kafinta da lebura. Ya sa wa kowanne kuɗinsa bisa ga farashin kasuwa, ya haɗa jimla. Wannan takarda ita ce mudun da za a auna kuɗin da 'yan kwangila suka nema, a san wanda ya faɗi gaskiya da wanda ya yi zulaƙe.

Aikinsa bai ƙare nan ba. In an fara gini, shi ke zuwa wurin ya auna abin da aka yi, ya rubuta cewa ɗan kwangila ya cancanci a biya shi kaza. Ran da aka gama kuma shi ke rufe lissafi. Ashe kun ga sa hannunsa shi ne mabuɗin baitulmali. In ya ce an zuba buhu 500, to, kuɗin buhu 500 za a biya, ko da 300 ne suka shiga ƙasa.

Ba a kuwa zama mai ƙiyasi da rana tsaka. Sai yaro ya yi shekaru yana karatu, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko a nan Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi, ko wata irinsu. Ya fito ya yi wa ƙasa hidima, ya yi aiki ƙarƙashin manya, ya ci jarrabawar ƙungiyar masu wannan sana'a wadda aka kafa a 1969, sa'an nan hukumar rajista da dokar soja ta 1986 ta kafa ta sa sunansa a littafi. Bayan duk wannan wahala, in ya shiga aikin Gwamnati da digiri, daga mataki na 8 a kan fara shi.

Albashi Da Kasuwa

To, bari mu yi wa albashi irin awon da mu ke yi wa gini.

A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka yanke mafi ƙanƙantar albashi naira 125 a wata. A lokacin kuɗin nan sun kai wajen dala 200 ta Amurka. A 2011 aka mai da shi naira 18,000, a 2019 ya zama 30,000, a watan Yuli na 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a kan 70,000. A watan Oktoba na wannan shekara ta 2024 Gwamna Nasir Idris, wanda shi ma tsohon shugaban ƙungiyar malaman makaranta ne, ya amince da 75,000 ga ma'aikatan Jihar Kebbi. Gaskiya ɗaya ce, ya ɗara abin da doka ta ce, kuma ba za mu ƙi faɗin haka ba.

Amma fa ma'aikaci ba takardar kuɗi ya ke ci ba, abin da ta sayo ya ke ci. Ran da aka amince da 75,000 ɗin nan ba su kai dala 50 ba. Ku auna da man fetur, wanda kowa ya san farashinsa. A 2019 lita tana naira 145, watau mai albashin 30,000 yana iya sayen lita fiye da 200. Ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi wa kanta daraja a kasuwa, kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000. Mai 75,000 a lokacin bai iya sayen abin da ya wuce lita 75 ba. Albashi ya ninka sau biyu da rabi a takarda, a gidan mai kuwa ya koma wajen sulusin abin da ya ke.

Kada wani ya ce mai kaɗai na zaɓa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta kan faɗi yadda kaya suka hau a kowace shekara. A ƙarshen 2020 ta ce kusan kashi 16 cikin ɗari, a 2021 ma kusan haka, a 2022 kashi 21, a 2023 kusan kashi 29, a 2024 kusan kashi 35. In kun ɗora waɗannan bisa juna kamar yadda birkila ke ɗora bulo, za ku ga abin da aka saya naira 100 a ƙarshen 2019 ya koma wajen naira 280 a ƙarshen 2024. Albashin ƙaramin ma'aikaci kuwa daga 100 ya koma 250. Ashe ko wanda aka fi yi wa ƙari bai kamo kasuwa ba.

Na Tsakiya Shi Ke Shan Matsi

Mai ƙiyasi kuwa ba ya cikin waɗanda aka fi yi wa ƙari. Ga yadda abin ya ke. Duk sa'ad da aka ɗaga albashin na ƙasa, sai a zauna a yi ciniki a kan na sama da shi, kuma kullum ƙarin ya kan ragu yayin da a ke hawa. Ku dubi abin da ya faru a 2019. Na ƙasa ya tashi daga 18,000 zuwa 30,000, watau ƙarin kashi 66 da ɗoriya. Amma yarjejeniyar da Gwamnatin Tarayya ta yi da ƙungiyoyin ƙwadago a watan Oktoba na shekarar ta ba mai mataki na 8 kashi 20, mai mataki na 9 kashi 19, daga na 10 zuwa na 14 kashi 16. Jihohi kuma kowace ta yi nata cinikin gwargwadon aljihunta.

Ba mu yi wa masinja da mai gadi hassada ba, sun cancanci abin da aka ba su har da ƙari. Abin da mu ke faɗi shi ne, in aka maimaita wannan sau biyu sau uku, sai tsani ya tsuke, wanda ya yi shekara biyar a jami'a da wanda bai je ba su kusa haɗuwa a mataki ɗaya. Yaron da ke aji yana kallo. Me zai sa ya ɓata idonsa a kan lissafi?

Ɗan Kwangila Yana Da Sharaɗi, Ma'aikaci Ba Shi Da

Yanzu ku saurara da kyau, domin nan ne cibiyar maganata.

A farkon 2023 buhun siminti bai wuce naira 5,000 ba. A watan Fabrairu na 2024 ya haura 10,000 a wurare da yawa, har Ministan Ayyuka David Umahi ya kira manyan kamfanonin siminti suka yi alkawarin mai da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Mu nan kuwa, ko da ya ke masana'antar Kalambaina ta Sakkwato tana wajen tafiyar kilomita 150 daga gare mu, kowane buhu sai mota ta ɗauko shi, mota kuwa gas ta ke sha. Rodi ya fi haka nisa, yawancinsa daga kudu ya ke hawowa ta Yawuri da Koko da Jega, kowace tasha yana ƙara kuɗi.

Da wannan ya faru, me ɗan kwangila ya yi? Bai yi kuka ba, bai yi zanga-zanga ba. A cikin yarjejeniyar manyan ayyuka a kan sa wani sharaɗi na hawa da saukar farashi, wanda ya ce in kayan aiki sun tashi bayan an sa hannu, a sake lissafi a cika masa. Sai ya rubuto takarda. Wa zai duba takardar nan, ya bi rasit ɗaya ɗaya, ya fitar da abin da za a ƙara masa? Mai ƙiyasi. Da hannunsa zai rubuta cewa siminti ya ninka, a cika wa Alhaji kuɗinsa. Ya rufe fayil, ya hau babur, ya biya kasuwa, ya tarar mudun shinkafa ma ya ninka. Amma a takardar ɗaukarsa aiki babu wannan sharaɗi. Shi sai ya jira shekara biyar, ko kuwa uku bisa ga sabuwar dokar 2024, kafin a waiwaye shi.

Jama'a, ina tambayarku, in Gwamnati ta yarda cewa ba daidai ba ne a bar ɗan kwangila ya ɗauki hasarar tsadar siminti, wane dalili ne ya sa daidai ne a bar ma'aikaci ya ɗauki hasarar tsadar gero? Mudu ɗaya mu ke so a auna mu da shi.

Ƙishirwa A Bakin Gulbi

Wani zai ce ai ku mutanen Kebbi kuna cikin daɗi, ga fadamar Rima, ga shinkafar Argungu, ga kifi. Haƙiƙa Allah ya yi mana arziki. A nan Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a watan Nuwamba na 2015. A ƙarshen 2016 shinkafarmu ta shiga Ikko da sunan Lake Rice, a 2017 kuma aka buɗe babbar masana'antar casa ta WACOT a Argungu. Amma shinkafa ba ta san garinsu ba, inda kuɗi ya fi nan ta ke tafiya. A ƙarshen 2024 buhu mai kilo 50 ya kusa naira 100,000 a kasuwanni da yawa na ƙasar nan, watau ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata guda. Ga kuma rufe iyaka da Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, wanda ya taɓa cinikin Kamba da duk garuruwan da ke ci daga can.

Na sani a cikin 2025 hatsi ya sauko, manoma ma har suka yi kukan ba su mai da kuɗin taki da na man injin ban ruwa ba. Amma ku tambayi kowane magidanci, kuɗin haya ya sauko? Kuɗin makarantar yara ya sauko? Magani fa? Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Wa Ke Biyan Hasarar?

Na yi muku alkawari zan nuna aljihunku ne. To, ga shi.

In albashi bai riƙe mai ƙiyasi ba, ɗayan biyu ne. Ko dai ya ajiye aiki ya tafi Habuja ko Kaduna wurin kamfanoni, ko wajen ƙungiyoyin ba da agaji, a bar ofis da wanda bai ƙware ba. Ko kuwa ya zauna, yunwa tana yi masa raɗa a kunne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bari in ba ku labarin kaina. Wata shekara ana saura kwana huɗu Babbar Salla, aka tura ni in auna wani ginin azuzuwa a wani ƙauye cikin fadama. Ofis ba mota, ba kuɗin mai. Ɗan kwangilar ya ce ai ba kome, ga motarsa. Muka je, na sa aka tona gefen harsashi, na tarar zurfinsa bai kai rabin abin da ke cikin zane ba, a ƙasar da ruwa ke kwanciya kowace damina. A kan hanyar komowa bai ce mini kome ba sai hirar duniya. Da magariba na isa gida na iske rago ɗaure a ƙofa, yara suna ta murna, uwargida tana kallona. Ran nan kuwa ko kuɗin kaza ba ni da su. Ba zan ɓoye muku ba, ragon nan ya kwana gidana, ni kuwa ban runtsa ba. Da asuba na sa aka mai da shi, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Na rubuta abin da na gani, aka sa ya sake harsashin. Amma har yau in na tuna da dogon daren nan sai gabana ya faɗi, domin na san saura ƙiris. Ban faɗi wannan don ku yabe ni ba. Na faɗa ne don ku san yara sittin da za su zauna ƙarƙashin rufin nan, ransu ya rataya ne a kan ko wani matalauci zai iya mai da rago.

Ba na wanke wanda ya karɓa. Ɓarawo ɓarawo ne ko da albashinsa kaɗan ne, akwai kuma masu babban albashi da ba su ƙoshi ba. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Hukumar da ta ɗora mutum a kan aikin miliyoyi, ta bar shi yana roƙon ɗan kwangila kuɗin mai, ita ma tana da nata laifi. Kuma ku yi lissafi: in aka ƙara kashi 10 na ƙarya a kan aikin naira miliyan 500, miliyan 50 sun tafi ke nan a sa hannu guda. Albashin masu ƙiyasi nawa ke cikin wannan? Rowar da a ke yi musu ita ce araha mai tsada.

Wanda ke shakkar abin da rashin ƙiyasi na gaskiya ke jawowa, ya tuna da 1975, sa'ad da aka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a gaɓar Ikko wata da watanni, ƙasa tana biyan kuɗin jira, siminti yana daskarewa a cikinsu.

Ba Yau Aka Fara Ba

Wannan kuka kakanninmu sun yi shi. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan Nijeriya, da Michael Imoudu na reluwe a gaba, suka yi yajin aiki fiye da mako shida, ba don kome ba sai don alawus na tsadar zama, domin yaƙin duniya ya sa kaya sun hau albashi yana tsaye. Turawa suka kawo kwamitin Tudor Davies, ya ce ma'aikata na da gaskiya. A watan Yuni na 1964 aka sake yin wani a kan rahoton Morgan. A 1974 kwamitin Udoji ya kawo matakan albashi 1 zuwa 17 da mu ke bi, aka biya ƙari da bashin watanni a dunƙule, kasuwa ta ji labari, a 1975 kaya suka hau fiye da kashi 30 cikin ɗari.

Darasin da ke ciki a fili ya ke. In an bar albashi ya daskare shekaru, sa'an nan aka yi ƙari da ganga da kakaki, 'yan kasuwa su ke cinye shi tun bai iso hannu ba. Gyara kaɗan kaɗan a kan kari, bisa ga awo, shi ya fi amfani.

Abin Da Mu Ke Nema

Na farko, Gwamnatin Jiha ta riƙa aika ma'aikatan ƙididdiga kasuwannin Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Yawuri da Zuru kowane wata, su rubuto farashin gero da shinkafa da mai da haya, da na siminti da rodi da kwano, a buga kowa ya gani. Takarda ɗaya za ta yi aiki biyu: a auna kwangila da ita, a auna albashi da ita.

Na biyu, a sa wa albashi sharaɗin hawan farashi kamar na kwangila, watau alawus na tsadar zama da za a duba kowace shekara bisa ga wannan takarda.

Na uku, in lokacin sake duba albashi ya zo a 2027, kada a manta da na tsakiya. Wakilan ƙwadago su shiga ɗakin ciniki da lissafin mataki na 8 zuwa na 14 a hannu.

Na huɗu, kada a ƙara tura mai ƙiyasi duba aiki a motar ɗan kwangila. A ba shi abin hawa da kuɗin mai da na kwana daga ofis, kafin ya tashi.

Na biyar, kowane aikin Gwamnati a kafa allo a gabansa da Hausa, a rubuta kuɗinsa da ranar gamawa, a ajiye takardar ƙiyasin a ofishin ƙaramar hukuma inda mai so zai duba. Birkilan ƙauye ya san buhu nawa ke shiga aji guda. In ya ga takarda, ya zama mai gadi ba da albashi ba.

Ku kuma samari masu wannan sana'a, nasihata gare ku gajeriya ce. Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka auna da tef ɗinka ba. Ka nemi hakkinka da baki buɗe, cikin ƙungiya, da rana, don kada ka neme shi a ɓoye da dare. Kuma yau in ka koma gida, ka ɗauki takarda ka yi wa gidanka ƙiyasi irin wanda ka ke yi wa Gwamnati: mudu nawa, lita nawa, haya nawa, makaranta nawa. Ka haɗa jimla, ka ajiye ta gefen takardar albashinka. Mu tara irin waɗannan takardu mu kai wa wakilanmu na Majalisar Jiha. Sun saba yarda da lissafinmu in na gini ne, sai mu ga ko za su musa shi in na tuwo ne.

Shugaban taro, na ci lokaci da yawa. Abin da na faɗa daidai, a yi aiki da shi. Inda na yi kuskure, dattawa su gyara mini.